WAYARKA LAFIYARTA ƘALAU: ME YA SA SHAFI ƊAYA KE BA DA AMSA BIYU A BURAUZA BIYU?

Yau koyarwa ce haɗe da ra'ayi, kuma na san wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗin ra'ayin ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi kuɗin aljihunku.

Kwanakin baya wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Kiyawa ya shigo shagonmu a nan Dutse, shi da 'yarsa. Ya ajiye waya a kan teburi ya ce, "Ɗana, a duba mana abar nan, ta cinye mini kuɗin riɗi." Na ce, "Baba, zauna tukuna ka huta. Me ya faru?"

Yarinyar ce ta yi bayani. Ta samu gurbin karatu a wata makarantar gaba da sakandare, an ce a biya kuɗin rajista ta fotal. Ta cike komai, ta biya, alat ya shigo an cire N48,000. Amma da ta koma shafin, sai ta tarar har yanzu an rubuta ba ta biya ba. Ta rufe ta buɗe, ta kashe wayar ta kunna, ba canji. Ga shi saura kwana biyu a rufe rajista. Baba ya sake ɗaukar riɗi ya kai kasuwar Shuwarin, suka sake biya, aka sake cirewa, shafin yana nan yadda yake. Daga nan suka nufi wani shago, aka ce musu bairos ne ya kama wayar, sai an yi mata filashin. Abin da ya cece su, kuɗin da ya rage a hannunsu bai kai kuɗin aikin ba.

Ban kwance ko noti ɗaya ba. Wayata na miƙa mata na ce, "Ƙanwata, shiga fotal ɗin a nan da hannunki." Tana shiga sai ga risit biyu a jere, kowanne da kwanan watansa. Tun biyan farko kuɗin ya isa. Burauzar da ke wayarta ce, wadda ba a taɓa sabuntawa ba tun da aka sayo wayar, ta kasa nuna mata gaskiyar da ke can.

Baba ya dube ni ya ce, "To ɗana, shafin ɗaya ne ko biyu?" Wannan tambayar ce na zo amsawa yau.

ABIN DA KE GUDANA A BAYAN SHAFI

Yawancinmu mun ɗauka shafin intanet kamar hoto yake, an gama shi can an turo maka. A'a. Abin da ake turo wa wayarka kayan gini ne da takardar umarni, burauzarka ce maginin. Akwai HTML, shi ne tubali da ginshiƙi. Akwai CSS, shi ne fenti da ado. Sai JavaScript, shi ne wayarin ɗin wuta da famfo, wato duk abin da ke motsi: maɓallin da ka danna ya amsa, lissafin kuɗi, duba ko ka cike fom daidai, zuwa a tambayo ko kuɗinka ya shiga.

Wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich ne ya ƙirƙiro JavaScript a 1995 a kamfanin Netscape. A 1997 aka rubuta masa ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna ECMAScript, a 2015 aka yi masa babban garambawul, kuma tun daga nan duk shekara sai an ƙara sabon abu. To ga inda gizo ke saƙar: ƙa'idar ɗaya ce, amma injinan da ke karanta ta daban-daban ne. Chrome na aiki da inji mai suna V8, Firefox na da SpiderMonkey, Safari na iPhone na da JavaScriptCore. Samsung Internet da Edge da Brave a kan tushen Chrome aka gina su, amma ba lallai su kasance a kan fitowa ɗaya da shi ba.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san wannan. Ka ce a auna maka kwano goma a wannan kasuwa, ka je wata kasuwar ka sake aunawa, sai ka ga ya ƙaru ko ya ragu. Sunan kwano ɗaya ne, cikinsa ne ya bambanta. Haka umarni ɗaya ke shiga inji biyu ya fito da amsa biyu.

WURARE HUƊU DA BAMBANCIN KE FITOWA

1. Tsohuwar burauza da sabon rubutu.

Wannan shi ne ya samu 'yar Baba. Misali, akwai wata 'yar alama da masu rubuta shafuka ke so sosai yanzu, alamar tambaya haɗe da ɗigo, haka: ?. Chrome bai fara gane ta ba sai a fitowa ta 80, a watan Fabrairun 2020. Burauzar da ta girmi wannan, idan ta ci karo da alamar, ba tsallake ta take yi ta ci gaba ba. Fayil ɗin gaba ɗaya take ajiyewa ta ce ba ta gane ba. Ado na nan, hoton makaranta na nan, rubutu na nan, amma wayarin ya mutu. Idan wanda ya gina shafin ya rubuta "ba a biya ba" a matsayin rubutun farko, da nufin JavaScript ya je ya tambayo ya canja shi, to haka zai zauna har abada a wannan wayar, ko sau goma ka biya.

Akwai kuma wayoyin da ko kana so ba za ka iya kai su ga sabuwar fitowa ba. Wayar da ke kan Android 7, Chrome ɗinta ya tsaya a 119 tun ƙarshen 2023. Irin waɗannan wayoyi kuwa har gobe suna hannun mutane, ni nake canja musu sikirin da bakin caji.

2. Burauzar da ke ɓoye a cikin manhaja.

Idan ka danna linki a cikin Facebook ko wata manhaja, sau da yawa ba Chrome ɗinka ne ke buɗewa ba, wata ƙaramar burauza ce a cikin manhajar. Manhajoji da yawa na dogara da wani ɓangare na waya mai suna Android System WebView, wanda tun Android 5 ake sabunta shi ta Play Store. Mutanenmu kuwa, saboda tsimin data, abu na farko da suke yi shi ne kashe sabuntawa. Matsalar ta yi yawa a duniya har kamfanin Meta ya sanar a 2022 cewa zai riƙa haɗa nasa injin a cikin manhajar Facebook ta Android. Ko da injin sabo ne, irin wannan burauza ba ta san ka riga ka shiga fotal a Chrome ba, kuma takan sha wuya wajen sauke risit ko dawo da kai daga shafin biyan kuɗi.

3. Opera Mini.

Ni masoyin Opera Mini ne, da ita na koyi intanet, kuma ta rufa wa talaka asiri tun 2006 da ta bazu a duniya. Amma ka san yadda take aiki. Idan ka sa tsimin data a kan Extreme, ba wayarka ce ke karanta shafin ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi, su bar JavaScript ya yi aiki na 'yan daƙiƙu, su matse sakamakon su turo maka. Kamar ka aiki yaro ya karanto maka allon sanarwa ya dawo ya faɗa maka. Wajen karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo ba ta da na biyu. Amma fom mai jiran amsa, ko agogo mai ƙirga lokaci, ko shafin banki, ba don su aka yi wannan tsarin ba. Ba laifinta ba ne, keke aka ɗora wa kayan tirela.

4. Kwanan wata da agogo.

Wannan ya fi ba ni mamaki. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. 05/03/2007 a wurinmu 5 ga Maris ne. Ka ba JavaScript wannan rubutu kai tsaye a Chrome, zai karanta shi irin na Amurka, wato 3 ga Mayu. Ka ba shi 25/03/2007, zai ce maka Invalid Date, domin babu wata na 25. Ƙa'idar harshen tsari ɗaya ta tabbatar, mai fara shekara kamar 2007-03-05, sauran kuma kowane inji da yadda ya ga dama. Shi ya sa akwai rubutun kwanan wata da Chrome ke karɓa, tsohon Safari ya ƙi.

Ko tsarin da aka tabbatar ɗin ma akwai tarko. 2007-03-05 ana ɗaukarsa a matsayin sha biyun dare a agogon duniya. Mu muna gaba da awa ɗaya, don haka ba matsala. Amma ka sayi waya ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, ba a gyara mata yankin lokaci ba, sai ta nuna 4 ga Maris. Ranar haihuwarka ta ja baya da kwana ɗaya, ta saɓa da wadda ke kan NIN ɗinka, kai kuma ba ka san daga ina ba. Haka kuma wayar da batirinta ya mutu agogonta ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kan ƙi buɗewa gaba ɗaya. Na sha ganin wanda ya zo da niyyar canja waya, gyaran agogo kawai ya sallame shi.

MADUBIN DUBAWA MA YANA RUƊI

Mu masu gyara muna da mita da muke auna wuta a jikin bod. Burauza ma tana da irin nata kayan dubawa, a ciki akwai wani allo da ake kira kwansol, inda take rubuta duk kuskuren da ta ci karo da shi da jan rubutu. A kwamfuta F12 ake dannawa. A Chrome, Ctrl da Shift da J na kai ka kwansol kai tsaye, a Firefox kuma Ctrl da Shift da K.

Ana iya duba na waya ma. Ka shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau 7, sai Developer options ya bayyana. Ka kunna USB debugging, ka haɗa wayar da kwamfuta da igiya, ka rubuta chrome://inspect a Chrome na kwamfutar, sai ka ga shafukan da ke buɗe a Chrome na wayar. Idan ka gama ka kashe shi, domin wasu manhajojin banki ba sa buɗewa idan yana kunne.

Ni ba injiniya ba ne, sakandare na gama na shiga koyon gyara. Da dare nake zama da tsohuwar laftof ina gwaje-gwaje. Abin da na koya shi ne, wannan mitar ma sai ka san halinta, in ba haka ba ta kai ka ta baro.

Na farko: idan ka ce kwansol ya nuna maka wani tarin bayani, sannan rubutun ya ci gaba ya canja bayanin, lokacin da ka danna 'yar kibiya don ka buɗe shi, abin da za ka gani shi ne yadda yake yanzu, ba yadda yake a lokacin da ka tambaya ba. Chrome ma yakan sa wata 'yar shuɗiyar alama a gefe yana gargaɗi a kan haka. Na taɓa kwana ina neman kuskuren da babu shi saboda wannan: layin sama ya ce 5, na buɗe ciki na ga 8. Maganinsa ka mayar da bayanin rubutu zalla da JSON.stringify kafin ka nuna shi, kamar ka ɗauki hoto maimakon leƙe ta taga.

Na biyu: buɗe kayan dubawar kansa na iya canja halin shafi. Akwai wani ɗan akwati mai suna Disable cache. Idan an yi masa alama, muddin kayan dubawa na buɗe, burauza sabon fayil take saukowa kullum. Mai gina shafi ya gwada ya ga komai daidai, alhali kai wayarka tana riƙe da tsohon fayil na makon jiya. Masu tsohon hannu suna ba da labarin Internet Explorer 8 da 9, inda shafi ke mutuwa idan an manta umarnin kwansol a cikinsa, amma da zarar ka danna F12 don ka ga abin da ya faru, sai ya warke. Kamar janareta da ke ƙin tashi, bakanike na zuwa ya tashi da ja ɗaya.

Na uku: jera sunaye. Kafin Chrome 70 da ya fito a Oktoban 2018, idan jerin ya wuce abu 10 kuma wasu sun yi kunnen doki, Chrome na iya hautsina waɗanda suka yi daidai ɗin, alhali Firefox na barinsu yadda suka zo. Ka ɗauka jerin ɗalibai ne masu maki ɗaya. Wannan ya duba ya ga sunansa a sama, wancan ya duba a wata burauza ya gan shi a ƙasa, rigima ta tashi, kuma babu wanda ya yi maguɗi.

Na huɗu, wanda ya fi damuna: a kayan dubawa na Chrome akwai inda za ka zaɓi sunan waya, shafin ya tsuke ya koma kamar a waya. Girman allo da sunan da burauza ke kiran kanta da shi ne suka canja, injin na nan na kwamfutarka. Ka zaɓi iPhone, amma V8 ne ke aiki, alhali a iPhone na gaske a nan Najeriya, ko Chrome ka sa, injin Safari ne a ƙarƙashinsa. Riga aka canja, mutumin bai canja ba.

TO LAIFIN WA?

Ga ra'ayina, kuma na tsaya a kansa.

Kaso mafi girma na wuyan masu gina fotal. Mutum ya zauna a ofis mai sanyi da laftof sabuwa da intanet mai gudu, ya gwada a Chrome na jiya-jiya, ya tsuke allon ya ce ya gwada a waya, ya miƙa aiki ya karɓi kuɗinsa. Amma waɗanda za su yi amfani da shafin su ne ɗan Jahun da 'yar Birnin Kudu da ɗan Gwaram, masu ƙaramar itel ko Tecno ta shekara biyar, da netwok mai zuwa yana ɗaukewa. Dutse gari ne na ɗalibai, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. Lokacin JAMB da rajistar makarantu da neman aiki, duk wanda ke da shago a garin nan ya san yadda ake cika. Rayuwar yaran nan yanzu ta fom take bi. Wanda zai gina musu ƙofa, ya kamata ya auna ta da tsayinsu.

Na san abin da za a ce. Za a ce ba zai yiwu a yi ta jan tsoffin wayoyi har abada ba, kuma tsohuwar burauza ma hatsari ce ga mai ita. Gaskiya ne, ban musa ba. Za a kuma ce kuɗin da ake biyan masu ginin bai taka kara ya karya ba. Wannan ma na yarda. Amma akwai kayan aiki na kyauta, irin su Babel, da ke mayar da sabon rubutu ya zama wanda tsohuwar burauza za ta gane. In ma ba za a yi wannan ba, me zai hana a sa layi ɗaya a saman shafi, da Turanci da Hausa, cewa burauzarka ta tsufa, kada ka biya kuɗi da ita? Me zai hana rubutun farko ya zama "ana dubawa" maimakon "ba a biya ba"? Kuma me ya sa fotal zai karɓi kuɗin abu ɗaya sau biyu daga ɗalibi ɗaya bai yi ko tari ba? Sayen tsohuwar waya ɗaya a Farm Centre ta Kano a ajiye don gwaji bai kai kuɗin rajistar ɗalibi ɗaya ba.

Kaso na biyu namu ne, masu gyara. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: filashin ya zama mana kamar farasitamol, kowace cuta shi muke bayarwa. Shafi ya ƙi buɗewa, filashin. Maɓalli ya ƙi dannuwa, filashin. A goge wa mutum hotunan 'ya'yansa da lambobin abokan cinikinsa, a karɓi kuɗinsa, ya koma gida matsalar na nan. Wani lokacin ma ƙaruwa take, domin filashin na mayar da burauza fitowar da ta zo da ita daga kamfani, wadda ta fi tsufa. Wani rashin sani ne ya sa shi, wani kuwa ya sani, kuɗin yake so. Na farko ya koya, na biyu ya ji tsoron Allah. Minti biyu ne ka gwada shafin a wayarka kafin ka taɓa ta mutum.

Kaso na uku, ɗan kaɗan, naka ne mai waya. Ka yarda da allo fiye da kima. Abin da allo ya nuna maka labari ne da burauza ta kawo, kuma ɗan aike na iya yin kuskure. Asalin maganar tana can a rumbun makarantar ko bankin.

ABIN DA ZA KA YI KAFIN KA SAKE BIYA KO KA KAI GYARA

1. Idan an cire maka kuɗi, tsaya. Kada ka sake biya don shafi ya ce ba ka biya ba. Ɗauki hoton alat ɗin, ka adana lambar cinikin. Idan ta Remita ne, lambar RRR mai lamba 12 ita ce shaidarka, kuma ana iya duba matsayinta a shafinsu.

2. Kwafi adireshin shafin ka buɗe shi a Chrome ko Firefox kai tsaye. Idan daga cikin Facebook ka danno shi, taɓa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi buɗewa a burauza ta waje.

3. Idan Opera Mini kake amfani da ita, sauke tsimin data daga Extreme, ko ka kashe shi har ka gama cike fom.

4. Shiga Play Store ka sabunta Chrome da Android System WebView. Idan data ce matsala, nemi Wi-Fi ko ka yi da garaɓasar dare. Abin da za ka kashe bai kai asarar biya biyu ba.

5. Duba agogo da kwanan wata da yankin lokaci. Ka sa su a kan atomatik, ka tabbatar yankin na Afirka ta Yamma ne, GMT+1.

6. Gwada a shafin sirri, wato Incognito. Idan ya yi aiki a can, to tsoffin ajiye-ajiyen burauza ne suka hana, sai ka share na wannan shafin kawai.

7. Kashe fassarar atomatik da mai toshe talla yayin cike fom. Dukansu suna taɓa cikin shafi, kuma wasu fom ɗin ba sa jure hakan.

8. Gwada a wayar wani. Ka shiga da hannunka, ka fita idan ka gama, kada ka bari ta adana lambar sirrinka. Idan ya yi a tasa bai yi a taka ba, matsalar burauza ce. Idan bai yi a ko'ina ba, matsalar daga can take, sai haƙuri da kiran masu shafin. A duka biyun babu inda filashin ya shigo.

GARGAƊI BIYU

Tunda na nuna muku ƙofar kwansol, dole in faɗi hatsarinta. Duk wanda ya turo maka wani dogon rubutu ya ce ka liƙa a kwansol ko a wurin adireshi don ka samu data kyauta, ko ka ga masu leƙa shafinka, ko ka buɗe asusun wani, ɓarawo ne. Rubutun zai yi aiki da sunanka, a cikin asusunka da ka riga ka buɗe. Shi ya sa idan ka buɗe kwansol a shafin Facebook a kwamfuta za ka ga an rubuta Stop! da manyan jajayen baƙaƙe, kuma Chrome da Firefox kan sa ka rubuta allow pasting da hannunka kafin su bari ka liƙa komai.

Na biyu, da waɗannan kayan dubawa kowa na iya canja rubutun kowane shafi a kan allonsa cikin minti ɗaya. Ya mayar da N500 ta koma N500,000, ya mayar da F9 ta koma A1, ya ɗauki hoto ya turo maka. A can rumbun babu abin da ya canja, yana sake loda shafin komai zai koma yadda yake. Don haka 'yan kasuwa da masu POS, hoton allo ba shaida ba ne. Duba asusunka da kanka kafin kaya su bar shago.

Mu koma kan Baba. Mun buga risit biyun a takarda, na rubuta wa yarinyar lambobin cinikin, na ce su kai ofishin kuɗi na makarantar su nemi a mayar musu da ɗaya. Na sabunta mata burauza, ta shiga da wayarta a gabansa, ga risit nan. Ya ciro kuɗi zai biya, na ce, "Baba, bar shi, ban gyara komai ba, dama lafiyarta ƙalau." Ya yi ta sa albarka. Ranar da na yi wannan rubutu na kira su, rajista ta kammala, yarinya ta fara karatu, amma N48,000 ɗin suna ta zirga-zirga a kai, kuɗin mota kaɗai ya fara cin rabonsa.

Idan kana da ƙani ko ƙanwa da ke shirin biyan kuɗin makaranta ta waya, tura masa wannan tun kafin ya danna. Idan kuma kai mai gina fotal ne, ko ka san wani, shagona na da tsoffin wayoyi cike da durowa. Zo ka gwada aikinka a kansu, ba zan karɓi ko sisi ba.

Allah ya sa mu dace, ya tsare mana halaliyarmu.